Ƙwayoyin Ummaru Suna Kalgo

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da Talatar da aka turo Malam Ummaru a keken marasa lafiya ba. Ku da kuka kama aiki bana ba ku san shi ba. Mai sayar da bandar kifi ne a kasuwar Gwandu, mutum mai barkwanci, kuma duk cikin masu ciwon suga da muke dubawa babu wanda ya kai shi zuwa a kan lokaci.

Ga yadda aikin yake, don waɗanda ba a ɗakin magani suke ba. Talata ranar masu suga ce. Su zo ba su karya ba, nas ta huda yatsa ta gwada jini, likita ya duba ya rubuta, sannan su zo tagata in ba su ƙwayoyin wata guda. In suga ya ƙi sauka, ƙa'ida ita ce a tambayi mutum ko yana shan magani, a ja masa kunne kan abinci, sannan a ƙara masa ƙwaya.

Bayan babbar sallar shekarar, sugan Ummaru ya fara hawa. Likita ya tambaye shi, ya ce yana sha. Muka ɗora laifin a kan fura da tuwon shinkafa, aka ƙara masa ƙwaya. Kowa in an ƙara masa magani ɓata fuska yake, shi kuwa har addu'a ya zuba mini. Wata ya zagayo, suga ya ƙara hawa, aka sake ƙarawa. Mutum ya rame, ya koma ɗingishi, ya ce ƙayar kifi ya taka, kuma ya ƙi yarda a cire masa takalmi.

Ranar da aka turo shi, tun daga baranda muka ji warin. Ƙafar dama ta yi baƙi ƙirin har idon sawu. Likita ya duba sau ɗaya ya ce sai Birnin Kebbi, kuma yankewa za a yi. Ana jiran mota na jawo kujera kusa da shi. Raina a ɓace yake, ban ɓoye ba.

"Malam Ummaru, tsakaninka da Allah, ina ƙwayoyin da nake ba ka?"

Ya ce, "Hajiya, suna Kalgo."

Ashe yana da wa a can, Garba, masunci, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Zuciyar Garba ta gaji, ƙafafu sun kumbura, ko kwalekwale ba ya iya tuƙawa. An gaya masa ba ta warkewa, sai dai lallaɓawa. Wata rana maƙwabci ya kunna musu wani labari a waya: wai masu bincike a ƙasashen waje suna yanke bakin zuciyar wani ƙaramin kifi mai zane-zane, su zuba maganin suga a ruwansa don su ga ko naman zai fi saurin tsirowa. Da aka faɗi sunan maganin, sai ya zama irin na Ummaru ne.

"Bai roƙe ni ba, Hajiya. Cewa kawai ya yi, Ummaru, ashe maganina na aljihunka. Shi da yat tashi cikin ruwa, ya ce abin da ya yi wa kihi zai yi mai. To mi zan ce?"

Na ce ai ana sayarwa a kemis. Ya ce Garba bai yarda da na kasuwa ba, na asibiti shi ne na gaskiya. Don haka duk mako in ya je Kalgo saro kifi sai ya kai masa.

Na shiga yi masa bayani: wannan kifin haka Allah ya halicce shi, ko babu magani zuciyarsa tana tsirowa, ta ɗan Adam kuwa ba ta yi. Su kansu masu binciken a kan kifi suke har yanzu, ba su gama gano abin da maganin ke yi ba. Na ce a aika Kalgo yau a hana Garba sha.

"Shekaranjiya aka yi sadakar bakwai ɗinai," in ji shi. Zaman makokin ne ma ya hana shi zuwa da wuri.

Mota ta zo. Ana ɗaga shi ya kira ni.

"Hajiya, gaya min gaskiya. Da hwarko rabi ni ka ba shi, in sha rabi. Da na ba shi duka tun lokacin, da zuciyar ta tsiro?"

Na ce a'a. Na rantse masa da Allah. Ya gyaɗa kai don kunyata, amma na ga bai yarda ba. An yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, kuma bai sake zuwa mana ranar Talata ba. Na aika a kira shi, ya ce a gaishe ni, ba ya buƙata.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Mu sunan mutum ɗaya muke rubutawa a jikin leda, amma mutanenmu ba sa iya haɗiyar magani su kaɗai alhali ɗan'uwa yana kwance. Yanzu duk wanda ya zo tagata sai na tambaye shi wa ke ciwo a gida. Yawancinsu murmushi suke yi, su ce kowa lafiya lau, su karɓi leda su tafi.