Ranar Da Ƙwaryar Gwaggo Ba Ta Fito Ba

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa, wasu sun shuɗe, wasu sai an tuna mini. Amma daminar da amai da gudawa ya shigo garinmu, ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina.

Garinmu yana yankin Bunkure, a bakin kanal. Farkon shekarun dubu biyu ne, wayar salula ba ta wadata ba. Ni kuma na ba talatin baya kaɗan, ina noman shinkafa da damina, tumatir da rani, ga sabon babur, ina ji da kaina.

A gefen gari akwai wani tsohon sito da a da ake ajiye taki. Ƙungiyar ci gaban gari ta gyara shi ta ba tsofaffi, ake ce masa Zauren Dattawa. Maza a rumfar gaba, mata a ciki. Mai kula da wurin wata nas ce da ta yi ritaya, ta haura sittin, kowa Hajiya yake ce mata. Ita ke auna musu jini, ta saurari ƙorafin ciwon gwiwa. Mu masu jini a jika ba mu ɗauki wurin a bakin komai ba, gani muke hira ce kawai ta waɗanda suka gama aiki.

Da cutar ta shigo, sai ka ga mutum ya tafi gona lafiya lau da safe, kafin la'asar an ɗauko shi idanu sun faɗa. Mai gari ya sa aka yi shela: a daina taruwa, a tafasa ruwan sha. Aka rufe zauren. Amma Hajiya ba ta koma gida ta zauna ba. Ta sa aka kafa murhu a bayan siton, aka aro manyan tukwanen biki, mata suka dinga tafasa ruwa suna dama kunu. Sannan ta aika cewa duk mai babur ko amalanke ya zo. Ni tsoro nake ji, matata ce ta tura ni. Ta ce, "In ba ka je don Allah ba, ai ka je don kunya."

Tsarin mai sauƙi ne. Duk tsohon da ke zaune shi kaɗai, da safe ya ajiye ƙwarya a ƙofar gidansa. Mu zo mu zuba kunu, mu ajiye jarkar tafasasshen ruwa, mu yi sallama daga waje ya amsa. In ƙwarya ba ta fito ba, a garzayo a faɗa.

Wanda muke kai wa rahoto wani dattijo ne makaho da muke kira Baba, wanda ya yi shekaru yana aikin buɗewa da rufe ƙofofin ruwan kanal kafin idonsa ya mutu. Yakan zauna nesa da kowa a gindin darbejiya, yana lissafo tsofaffin garin da ka, unguwa bayan unguwa, ba ya tsallake ko ɗaya.

Wata safiya na dawo daga zagayena, sai ya ce, "Ɗan nan, gwaggonka ta tsallaken ruwa fa?"

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ba ta taɓa haihuwa ba, tana zaune ita kaɗai a hayin wani reshen kanal, kusa da rugar Fulani. Wani siririn katako ne kawai gadar wurin. Ranar an kwana ana ruwa, katakon ya yi santsi, sai na tsaya daga wannan gefen na hango ƙofarta. Ban ga komai ba, na juyo.

Na ce, "Baba, ƙila barci take yi."

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take. "Matar da ke riga liman tashi? Ƙwaryar ta fito ko ba ta fito ba?"

Na sunkuyar da kai. "Ba ta fito ba."

Kafin in ɗago, Hajiya ta riga ta sa takalmin roba, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Na goya ta a babur har bakin ruwa. Kanal ɗin ya cika fal, ruwan ja wur, yana gudu. Tsohuwar nan ta ɗora jarka a ka ta hau katakon da ni ƙato na ji tsoron takawa, ba ta ko waiwayo ba. Dole na bi ta.

Warin da ya tare mu a ƙofar ɗakin shi ya gaya mana komai. Na tsaya daga waje. Gwaggo na kwance a ƙasa, ta zube kamar ba ita ba, leɓe a bushe. Hajiya ta sa safar hannu, ta durƙusa ta ɗago kanta. "Yaya, ni ce. Buɗe baki." Ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ba ta cokali-cokali. Gwaggo ta amayar, Hajiya ta jira, ta sake ba ta. Can ta dube ni ta ce, "Shigo ka riƙe mini ita. Ƙazantar ake gudu, ba mutum ba. In mun gama ga sabulu nan."

Mun fi awa a haka, sannan ta ce sai an kai ta asibiti an sa mata ruwa. Fulanin rugar suka kawo gadon kara muka ɗora ta. Ina tafe ina tunanin yadda mutum huɗu za su bi ta kan katako ɗauke da marar lafiya. Da muka iso bakin kanal sai na tsaya cak. Ruwan da na bari yana iya shanye mutum har ƙirji ya koma iya gwiwa. A ɗaya hayin kuma ga motar ɗaukar tumatir a tsaye, ga Baba a gefenta riƙe da sanda.

Ashe muna tashi ya sa aka ja shi har wurin mai kula da ƙofar ruwan reshen, wanda Baban ne ya koya masa aikin, ya roƙe shi ya rufe ƙofar, sannan ya nemo motar. Bai ga Gwaggo ba, bai ga katakon ba, amma ya san ba za mu fito da ita ta kansa ba. Muka ratsa ruwan da ƙafa.

Gwaggo ta warke, ta ƙara shekaru masu yawa a duniya. Da na je neman gafararta, dariya ta yi. Ta ce, "Ina kwance ina jin kiran asuba, na kasa tashi. Sai na ce a raina, to, yau za su zo."

Tun daga ranar na gane cewa zumunci ba a jini kaɗai yake ba. Ni ne ɗan'uwanta, amma waɗanda suka san lokacin tashinta su ta dogara da su bayan Allah. Wanda duk yake son tsohonsa, ya san halin da ya kwana tun ana zaune lafiya, domin ranar da annoba ta zo, wanda aka saba tambaya shi ake lura da shirunsa.