Zinatu 'Yar Malabo da Manyan Kalmomin Turanci

Zinatu 'yar Chinade ce ta wajen uba, amma a Malabo aka haife ta, can Ikwatoriyal Gini, inda mahaifinta Malam Umara ya daɗe yana fawa. A gida Hausa ake yi, a makaranta Sifaniyanci, kuma da shi ta koyi aikin jinya. Da Malam Umara ya rasu a 2003, mahaifiyarta ta tattara yara suka dawo Azare, gidan kawunsu.

Ta samu aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan kasuwa. Allura da ƙarin ruwa ba su taɓa ba ta wuya ba, Turanci ne kawai ya tsaya mata a maƙogwaro. Ƙananan kalmomi ta tsince su a bakin abokan aiki. Manyan kuwa sai ta lura da yawansu suna kama da na Sifaniyanci, in ta ɗan gyara ƙarshensu ana gane ta. Har ta fara sakin jiki.

Wani hantsi da damina aka kawo wani manomi daga Bulkachuwa a kan babur, Gali sunansa, matarsa Laraba na tallafe da shi. Yana ta amai, yawu na dalala. Laraba ta ce tun safe yake feshin wake, iska ta juyo masa da maganin. Likitan ranar, Dakta Elvis, ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, ba ya jin Hausa, kuma yana kan wata mai naƙuda. Ya leƙo ya tambayi abin da ya samu mutumin.

"Intoxicated," in ji Zinatu, don a Sifaniyanci kusan haka ake kiran wanda guba ta shiga jikinsa.

Likita ya yamutsa fuska, ya ce a kwantar da shi ya yi barci, ya koma ciki.

Zinatu ta tsaya sororo. Guba, a ce barci? Ƙirjin Gali ya fara kurari, leɓɓansa suka sake launi. Zinatu ta ruga wajen Sista Lois, babbar ma'aikaciyar jinya, 'yar garin Tafawa Balewa.

"Sista, na gaya wa likita guba ce, ya ce a bar shi ya yi barci."

"Da wace kalma kika gaya masa?"

Ta maimaita. Sista Lois ta dafe ƙirji. "Zinatu! Ai cewa kika yi ya bugu da giya!"

Nan take aka kira likita. Aka cire wa Gali kayan feshin, aka wanke shi, aka yi ta dirka masa allurai. Zinatu ce ta riƙe ledar ruwan. Laraba ta kamo bakin rigarta.

"Malama, don Allah zai tashi?"

Zinatu ta ƙara ɗaga ledar ruwan. Sai bayan la'asar numfashin Gali ya daidaita.

Dakta Elvis bai yi mata faɗa ba, ya ce shi ma da ya tsaya ya duba da idonsa. Amma tsoro ya riga ya shige ta. Ko sunanta likita ya kira sai ta firgita. Ta gaya wa mahaifiyarta za ta ajiye aikin.

"In kin ajiye, Turancin zai bar ƙasar ne?" in ji uwar. "Je ki wajen Sistar nan ki ce ta koya miki."

Haka suka riƙa zama a gindin darbejiyar asibitin lokacin cin abinci. Duk kalmar da ta yi wa Zinatu kama da ta Malabo, ita suke fara tonowa. A nan ta ji "constipated" ba mura ba ce kamar a Sifaniyanci, taurin bayan gida ne, "embarrassed" kuma kunya ce, ba juna biyu ba. Kowace ta ji sai ta shiga tunanin wa ta taɓa faɗa wa ita, kuma wane magani aka ba shi. Wasu ta tuna, wasu har yau ba ta sani ba.

A 2008 ta ci jarrabawar ma'aikatan lafiya da Turanci, aka tura ta Gadau, can kuma ta yi aure. Likitocin da suka yi aiki da ita suna cewa tana da nauyin baki, sai ta yi jim kafin ta ba da bayanin marar lafiya. Matan Gadau ba su san da wannan ba, layinta suke bi ranar awo.