Zamile, Jagoran Masu Tonon Laka

Zamile Tyatya maƙwabcina ne a unguwar Kwazakhele, kuma shekara ashirin muna haƙar jatan landen laka tare a bakin kogin Swartkops, muna sayar wa masu kamun kifi su sa a ƙugiya. Na ce tare, amma gaskiya mu mata ne ke haƙa, shi yana tsaye bakin titi yana ciniki. Ya taɓa yin wata bakwai a masana'antar taya, aka sallame shi, sai ya dawo sana'ar ubansa da Turanci a baki da ciwon baya da ba ya tashi sai an miƙa masa cokalin haƙa.

Wata safiya wata mata daga jami'a, Dakta Abrahams, ta tsaya da mota da dogayen bututun ƙarfe a sama. Kafin mu fito daga taɓo mu wanke hannu, Zamile ya riga ya buɗe mata ƙofa.

Ta yi bayani a gabanmu. So take ta san inda teku yake tsayawa shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Lakar fadamar gishirin nan, in ji ta, tana taruwa ne kaɗan-kaɗan, sabuwa bisa tsohuwa. A cikinta akwai ɓawon wasu halittu ƙanana kamar tsakin gishiri, wasu na zama inda ruwa ke rufewa kullum, wasu can sama inda sai teku ya yi babbar cika. In ta soka bututu ta zaro laka tun daga ƙasa, za ta karanta hawa da saukar ruwan. Abu ɗaya take roƙo: a nuna mata wurin da ba a taɓa tonawa ba.

"Kin zo wurin mai shi," in ji Zamile. "Nan aka haife ni."

Ya nuna mata wani fili mai ciyawa lif-lif, taku hamsin daga inda ta ajiye mota.

Na ja shi gefe. "Bhuti, ɗan'uwana, ba nan ne muka yi wa kaca-kaca ba shekarar da aka rufe masana'antu? Har kai an gan ka da cokali a nan."

"Sisi Nomvuzo, 'yar'uwata, ciyawa ta rufe. Ke za ki ɗauki ƙarfen nan zuwa ƙetaren kogi? Ni bayana ba zai iya ba."

Ban gaya wa Dakta ba, kuma wannan laifina ne. Na ɗauka mai ilimi irin nata za ta gane da kanta.

Sati uku Dakta da ɗalibanta suna zaro laka doguwa kamar sandar rake, suna naɗewa a leda. Zamile ya daina zuwa wurinmu. Ya samo biro ya soke a aljihu, shi da aikinsa riƙe gindin bututu. A motar haya yakan tare mutane da lacca, wai shi da abokiyar aikinsa sun gano teku na nan tafe. Matarsa ta dafa masara da wake, ya ce masu bincike ba sa cin abu mai nauyi da rana. Ya dai cinye.

Bayan wata biyar Dakta ta dawo, fuska ba walwala. Ta ce lissafin shekarun ya rikice, lakar ƙasa ta fi ta sama ƙuruciya. Sai ta fito da wata 'yar leda. A ciki akwai guntun igiyar silifas shuɗiya. A zurfin mita ɗaya da rabi aka same ta, inda take sa ran lakar shekara dubu.

"Malam Tyatya, ka ce ba a taɓa tona wurin nan ba."

Zamile ya juya ledar, ya ɗaga ta sama yana dubawa kamar mai duba takardar asibiti. "To ai mutanen da ma suna sa takalmi," ya ce.

Matan da ke bayana suka kwashe da dariya har wata ta zauna cikin taɓo. Dakta ba ta yi dariya ba. Wata biyar na aikin ɗalibanta ne ya tafi a banza.

Kunya ta kama ni. Na ce mata in tana iya shiga ruwa zuwa ƙugu, ta biyo ni. Da ruwa ya janye muka ƙetare zuwa wani tsibiri da lakarsa ke da tauri, ba jatan lande, don haka ba wanda ya taɓa ɓata ƙarfinsa a kai. Mu huɗu muka ɗauki bututun, duk mata. Zamile ya tsaya gaɓa yana nuna mana hanya da hannu.

Wannan karon lakar ta fito a jere. Shekara ta zagayo, Dakta ta zo ta nuna mana zane a takarda: layin tsayin ruwan teku ya daɗe yana tafiya kusan a kwance, sai can ƙarshe ya ɗaga kai. Ban yi mamaki sosai ba. Dutsen da uwata ke ajiye bokiti a kai, yanzu ruwa na shanye shi duk babbar cika.

A ƙarshen rubutun nata ta gode wa "mutanen yankin". Ba suna ko ɗaya. Zamile ya sa aka buga masa shafin, ya ce shi ake nufi, sunansa ne ya yi musu wuyar rubutawa.

Bara ya koma gidan 'yarsa a Motherwell, unguwar da ke kan tudu. Yana gaya wa 'yan cocinsu wai ya hau tudu ne don ya san abin da ke zuwa. Matarsa ta ce mini mai gidan da suke haya ne ya kore su, saboda Zamile ya tona rami a tsakar gida don nuna wa baƙi yadda ake binciken, ya fasa bututun ruwan unguwa.