Huraira Mai Waifai, Wadda Ba Ta Tsayawa a Zaure

Da zarar ta sallami 'ya'yanta makaranta, Huraira Garba takan buɗe ɗan shagonta da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ta share, ta jona wayoyinta a caji. Akwai kujera a shagon, amma ni dai ban taɓa ganin ta a kai ba. Kafin rana ta yi zafi an kira ta daga Unguwar Gano, tana hanya wata ta kira daga Babban Giji. Sai ka hango ta a bayan adaidaita sahu, jaka a cinya, waya a kunne, tana cewa, "Hajiya, kar ki danna komai tukuna. Fitilun da ke jikin na'urar wace kala suke nunawa?" A cikin jakar akwai kebul, da kan caja iri-iri, da ƙusa da 'yar guduma. Sana'arta gyaran intanet ɗin gida, wanda muke kira waifai. Idan rauta ta yi gardama, wato ɗan akwatin nan mai ƙahonni da ke raba intanet a cikin gida, Huraira ake nema.

Ta fara ne tun zamanin da ake layi a kafen intanet don a duba saƙo. Buga takardu aka ɗauke ta yi, amma duk ran da intanet ya ɗauke sai ta bar kujerarta ta tsaya a kan mai gyara tana zuba masa tambayoyi, har ya gaji ya miƙa mata kebul ya ce ta yi da kanta. Yau ta haura shekara goma tana wannan zirga-zirga.

Ba masu gyara maza muka rasa a Tarauni ba, akwai su, gwanaye kuwa. Sai dai a gidajenmu da yawa iyakar baƙo namiji zaure, in an karrama shi falon maigida. Ita kuwa matsalar galibi tana can ƙuryar ɗaki, inda mai gyara ba zai gani ba, matar gida kuma ba ta san cewa abin faɗa ne ba. Safiyyah, wata ɗalibar aikin jinya a Unguwar Gano, ta ba ni labarin yadda darasinta na intanet yake yankewa kullum da rana tsaka, har ta fara zargin malaminta zai ɗauka gudu take yi. Huraira na shiga ta tarar an lulluɓe rautar da kyallen saƙa, an ɗora mata tukunyar furen roba don ado. Ta taɓa ta ji zafi rau, ta ce, "Ke ma in aka rufe ki da bargo a bazara ai sumewa za ki yi." Wata Hajiya a Babban Giji kuma, jikokinta ne suka musanya kan cajar rauta da na dikodar talabijin. Duk wanda ya ga aikinta zai gaya maka abu ɗaya: kafin ta taɓa na'ura sai ta tambayi mutanen gida, "Me aka canja a gidan nan kwanan nan?"

Ni Nusaiba, malamar makaranta ce, kuma ba da labarin wasu kaɗai na zo ba. Na ga nawa da idona, a ranar da ba na fatan ta maimaitu.

Mahaifinmu Malam Lawan ya rasu a bana, Allah Ya jiƙansa. Ƙanwata Muhibbat tana Alƙahira da tsohon ciki, inda mijinta Misbahu yake karatu. Kamar yadda aka saba, manya suka ce kada a tayar mata da hankali, aka riƙa ce mata jikin Baba da sauƙi. Shi ma da bakinsa haka ya gaya mata a waya. Ba ta ji mutuwar ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Tun daga nan ta daina yarda da maganar kowa a gidanmu, kuma ban ga laifinta ba.

Innarmu tana cikin takaba, wata ranar Laraba da hantsi Misbahu ya kira ni.

"Yaya Nusaiba, jininta ya hau sosai. Likitoci sun ce aiki za a yi yau, a ciro yaron. Ta ƙi sa hannu."

"Ta ƙi kamar yaya?"

"Ta ce sai ta ga Inna da idonta. Ta sa a ranta Inna ma ba ta da lafiya, ɓoye mata kuke yi."

Na miƙa wa Inna wayar, ta lallashe ta, ta yi mata faɗa, ta sake lallashi. Muhibbat ta ce cikin kuka, Baba ma ai muryarsa ta ji. Na gwada kiran bidiyo, ya ƙi shiga. Gidanmu benaye sun kewaye shi, sabis ɗin waya da ƙyar yake ɗaukar murya, balle hoto. Waifai ɗin da Baba ya sa mana shi ne madogara, shi kuma tun bayan makoki yake rarrafe, ba wanda ya bi ta kansa. Na ɗauki Inna a bidiyo, na ruga bakin titi na tura. Amsar da ta dawo ita ce, yaushe aka ɗauka? Na dawo da gudu na ce, "Inna, lalura ce, sa hijabinki mu fita bakin titi." Ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam bai daɗe da kwanciya ba zan tsaya a titi ina ɗaga waya sama? Ki nemo mai gyara."

Wallahi raina ya ɓaci, amma wanda ya san Inna ya san ta gama magana. Na kira Auwalu, wanda ya haɗa mana rautar tun farko. Ya zo da sauri, ya tsaya a zaure. Ya duba ya ce akwai data. Ya ce in je in kashe in kunna, na je na dawo. Ya ce in zare layin in mayar, na je na dawo. Haka na yi ta safa da marwa tsakanin zaure da ɗakin Inna, gumi na zuba, wayar Misbahu na shigowa tana katsewa, kowane kira sai ya ce likitan ya sake leƙowa. A ƙarshe Auwalu ya ce, "Anti, wannan sai an gani da ido. Bari in kira Huraira, ita za ta shiga."

Ta iso da hakinta, ko ruwa ba ta tsaya sha ba. Ta durƙusa ta yi wa Inna gaisuwar rashi yadda ya kamata, duk da ina tsaye a kanta kamar in fizge ta. Sannan ta yi tambayarta.

"Inna, me aka canja a gidan nan kwanan nan?"

"Komai ya canja, 'yar nan."

"Haka ne, Inna, Allah Ya ba da haƙuri. Ita rautar ina take?"

Na nuna mata kabet. Lokacin zaman makoki falon Baba ya cika da jama'a, yara na jan ƙahonnin rautar, sai Gwaggonmu ta cire ta daga saman taga, ta kai ta inda ake ajiye duk abu mai daraja a gidan, wato kabet ɗin Inna. Ta cusa ta can ƙasa bayan kwanukan silba da samira na jeren aurenta, ta zuro wayar wuta ta baya, ta rufe gilashi. Sau nawa na buɗe kabet ɗin nan a ranar ina kashewa ina kunnawa, bai zo mini a rai in faɗa ba. Shi kuma Auwalu yana can zaure, a zatonsa tana nan inda ya kafa ta.

"Ƙarfe ne ya kewaye ta," in ji Huraira, tana kwashe kwanukan tana miƙo mini. "Ba ta jin na waje, ku ma ba kwa jin ta." Ta zagaya ɗakin da wayarta a sama tana neman inda sabis ya fi ƙarfi, ta taka kujera, ta buga ƙusa a saman tagar da ke kallon gabas, ta rataye rautar. Jar fitila ta koma kore.

Na danna kira. Fuskar Misbahu ta fito, ta daskare, ta ɓace. Na sake, haka. Nan fa na fara masifa, ban ma san da wa nake yi ba. Huraira ko kallona ba ta yi ba, tana duba wayarta.

"Wa da wa kuka ba faswod ɗin gidan nan?"

Wa ma ba mu ba ba? Duk wadda ta zo zaman makoki ta ce tana son kiran 'yan'uwa, an karanto mata. Da rautar tana cikin kwanuka ba ta kai musu, yanzu da ta hau taga sai wayoyin maƙwabta suka yi mata caa, kowace ta hau da kanta, masu su ma ba su sani ba. Huraira ta ce za ta canja lambar yanzu a sauke kowa. Na ce maza. Inna ta ɗaga hannu.

"A'a. Matan da suka bar gidajensu suna tuƙa mana tuwon sadaka, su zan rufe wa ƙofa?"

"Inna, zan iya sauke su na ɗan lokaci, ba za su sani ba."

"Ni ai na sani."

Na buɗe baki zan faɗi abin da zan yi nadama, Huraira ta riga ni miƙewa. Ba ta yi musu ba, ba ta yi wa tsohuwa bayanin abin da ba ta tambaya ba. Ta zura takalmi ta fita. Ta taga nake jiyo sallamarta gida-gida a layinmu, tana shiga har tsakar gida tana cewa, "Maman Al-Amin, don Allah ku kashe waifai a wayoyinku, har na yara. Muhibbat ce za a yi wa aiki, tana son ganin Inna." Na ji wata ta ɗauki maganar ta jefa ta kan katanga, ta gaba ma ta jefa. Kafin Huraira ta dawo, duk maƙwabta sun sauka daga waifai ɗinmu.

Na danna. Sai ga Muhibbat a gadon asibiti, fuska a kumbure, hoto tar kamar tana ɗakin. Ta ƙura wa Inna ido.

"Inna, tashi tsaye in gani."

Inna ta dafa gado ta miƙe. Ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo, ta juya, ta buɗe hannuwanta. "Ga ni. Kin gan ni? Rama ce kawai ta rashin ubanki."

"Inna, ki yafe mini."

"Na yafe miki duniya da lahira. Shi ma ya yafe miki, a kunnena ya faɗa. Yanzu ki sa musu hannu, kar ki ƙara minti."

Muka ga an miƙo mata takarda.

Huraira, ke ce kika san cewa gidan mutane ba akwati da kebul ba ne kaɗai. Da kin canja lambar nan a ɓoye, kiran zai shiga, amma da Inna ta yi shi da nauyi a zuciya. Kin zaɓi hanya mai tsawo, da ƙafarki, a lokacin da ni 'yar cikinta na kasa haƙuri da ita. Na gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a. Ku kuma 'yan matanmu da kuka gama karatu kuna zaune, mace ɗaya ba za ta ishi Tarauni ba. Ƙofar shagonta a buɗe take, ta ce duk mai so ta zo ta koya. Iyaye, ku bar su su je, domin akwai ɗakunan da sai su.

Ba kya nan da yamma, Huraira, an riga an kira ki wani gidan, shi ya sa nake gaya miki a nan. Mun yi azahar shiru, mun yi la'asar shiru. Inna na kan sallaya, ni ina kai-komo a tsakar gida da waya a hannu. Matan layinmu kuwa ba wadda ta sake kunna waifai a wayarta, sai dai jefi-jefi Maman Al-Amin ta leƙo ta katanga ta ce, "Har yanzu?" Gab da magariba kira ya shigo. Misbahu ne, sai ya juya wayar. Muhibbat ta farfaɗo, idonta a buɗe, a gefenta ga ɗa namiji an naɗe shi yana tsala kuka. Inna ta karɓi wayar da hannu biyu ta matso da ita dab da fuskarta. Tunda aka fita da Baba ba mu ga haƙoranta ba, sai a lokacin.

"Kai, angona," ta ce, hawaye na bin kumatunta, "da wannan ƙaton bakin za ka riƙe ni?"