Manhajar da Ta Ce a Miƙa Wuya

Hausa na karanta a jami'a. Da na gama bautar ƙasa na dawo Daura, duk majalisar da na zauna sai an tsokane ni: wai mutum ya tafi shekara huɗu ya koyo abin da kakarsa ta fi shi iyawa. Mahaifina, tsohon malamin firamare ne, shi bai taɓa yin wannan dariyar ba. Ya riga ya yi mini magana da wata makaranta a Sandamu, ana jiran sabon zango in fara koyarwa.

Kafin zangon ya zo sai na riƙa bin kawuna, ƙanen mahaifiyata, zuwa kasuwar dabbobi ta Mai'adua, inda yake dillancin shanu. Wata ranar kasuwa muka tarar da mutane sun yi da'ira a gindin dalbejiya suna ta ƙyaƙyata dariya. A tsakiyarsu wata mata ce da hijabi ruwan toka, riƙe da waya, gumi duk ya wanke mata fuska. Injiniya ce daga wani ɗan ƙaramin kamfani a Kano. Sun ƙirƙiri manhajar da makiyayi zai faɗa wa abin da ke damun dabbarsa, ta haɗa shi da likitan dabbobi, shi ne ta kawo a gwada.

Matsalar a Hausar manhajar take. Idan mutum ya gama bayani, sai wata murya ta ce: "Danna nan ka miƙa wuya."

Wani dattijo mai sanda ya mayar mata da wayar. "Hajiya, ni Allah kaɗai nake miƙa wa wuya."

Aka sake fashewa da dariya. Ni kuwa nan take na gane inda aka yi tuntuɓe: kalmar Turanci ɗaya ce ke nufin aika saƙo da kuma miƙa wuya, wanda ya fassara ya ɗauki wadda ba ita ba. Na nemi ta ba ni wayar in duba. A wani wurin an ce a koma "jerin abinci", alhali shafin farko ake nufi. Ciwon da kowane makiyayi ya sani da hanta, an sa masa wani dogon suna da ban taɓa ji ba. Na zauna a kan benci da biro da bayan kwalin magani, na yi ta gyara har aka kira la'asar. Tunda na bar aji ban taɓa jin karatuna ya yi amfani haka ba.

Ta karanta kwalin gaba da baya, ta ɗago ta dube ni.

"Malam, me ka karanta?"

Na ce Hausa, ina jiran dariyar da na saba.

"Alhamdu lillahi! Kai muke nema tun bara. Ba ni lambarka."

Bayan kwana uku ta kira, ta ce suna son in gyara rubutun gaba ɗaya, kuma muryata za a sa. Na tashi daga tabarma ban san na tashi ba, na yi ta zagaya tsakar gida da waya a kunne, mahaifiyata tana tambaya ko lafiya.

Gaya wa Baba shi ne aikin. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ina ofishinsu?"

"Suna da ɗaki ɗaya a Kano, Baba, amma ni daga nan zan riƙa yi."

"Su nawa ne?"

"Da ni biyar."

"Fansho fa?"

Na ce babu. Sai ya ce ya ba ni zango ɗaya, idan abin bai tsaya ba in wuce Sandamu ba tare da wata magana ba. Na ce na amince, Allah ya ƙara girma.

A ɗakin mahaifiyata na yi naɗin murya na farko. Na jingina katifu biyu da bango don su tare ƙara, na shige tsakaninsu da waya. Jimla ɗaya sai in maimaita sau goma, saboda akuyar gidanmu ba ta tashi kuka sai na buɗe baki. Daga baya aikin ya fita daga ɗaki. Na hau babur zuwa Kongolam, na zauna da masu shigo da raguna daga Nijar, na lura yawancinsu ba sa karanta allon wayar, kunne kawai suke sawa. Na rubuta wa abokan aiki cewa a rage rubutu, a ƙara murya da hoto. Suka yi gardama, suka gwada, abin ya karɓu. Daga ranar duk taron da za a yi ta waya sai an ce, "Bari mu ji na Daura."

Injiniyar ce ta ce ta gaji da ina turo mata gyara tana shigarwa. Ta aiko mini da tsohuwar kwamfutarta a motar haya, ta riƙa koya mini bayan azahar, kaɗan-kaɗan, yadda ake buɗe rubutun manhajar a taɓa shi ba tare da an rushe komai ba. Mako biyu ina tsoro. Ranar da na yi ƙarfin hali, maɓalli ɗaya tak na sauya, na ƙara masa girma na mai da shi kore, don masu manyan yatsu sun sha kuskure shi.

Washegari na tafi Mashi. A bakin tasha na sami wani makiyayi da na taɓa saka wa manhajar, na roƙe shi ya buɗe. Ga koren maɓallin nan, ɓaro-ɓaro, a wayar mutumin da bai san ni na yi ba. Ya danna da babban yatsansa, ya shiga tashi ɗaya.

"Yauwa," in ji shi, "yanzu suka yi hankali."

Na saya mana fura, muka zauna a inuwa, ya shiga ba ni labarin wata saniyarsa da ta ƙi cin abinci, ni kuma na ciro biro ina rubutawa.