Ranar da aka ɗauke ni ɗan bola jari a Madinat Nasr

Na fito daga gidan burodi ke nan, sai na tarar da wata tsohuwa Bamasariya tana ɗora tsohuwar fanka a kan tirelata.

Tirelar aro ce, na ɗaura ta a bayan mota za mu kai yara Fayyum mu kwana a tanti. Kekunansu uku na ɗaure su a sama da robar tsohon tib, irin ɗaurin tashar garinmu. Ɗaya ba sirdi, ɗaya duk tsatsa, ga tukunya da tabarma a gefe. Ni a ganina shaƙatawa za mu. A ganin Hajiya kuwa ni ɗan bola jari ne, irin waɗanda a nan ake kira bikya.

Na ce, "Hajiya, ma'alish, yi haƙuri, kayan iyalina ne."

Ta ƙare wa kekunan kallo, ta dube ni, ta ce, "Yaranka ne ke hawan waɗannan? To riƙe fankar, ɗana, sadaka ce."

Matata tana cikin mota ta ja mayafi ta rufe fuska, wai ba ta san ni ba.

Fankar dai tana gida, kuma wallahi ta fi tamu iska.

Ku ba ni shawara, jama'a: in saya wa yaran sababbin kekuna, ko in sake bi ta layin Hajiya, ko Allah zai sa tana da firji?