Giwan ruwan Yaya Sabi'u

"Ko a dam wayar nan ta faɗa, hotunana suna intanet," in ji Yaya Sabi'u a majalisa. Ni kuwa tun da safe na zare masa katin memori daga wayar.

Na ce, "To Yaya, nuna mana hoton giwan ruwan da ka kama a Tiga."

Ya yi ta lalube yana gumi. Ashe hotunan cikin waya kawai ke hawa intanet, na memori ba su taɓa hawa ba.

Kawu Ado ya ce, "Dama na faɗa, karfasa ce!"

Da idon Yaya ya ciko, na miƙa masa abinsa, na sha ranƙwashi. Yanzu ya kwafe hoton a filashin kwamfuta, ya ɓoye cikin kwallar Inna, inda ko ɓera sai da sallama.

Ku ina kuke ɓoye naku?